Tsagar da Na Faɗaɗa

Shekara talatin da wani abu na yi ina bin ruwa a ƙasashen mutane. A Sudan na fara, a manyan magudanan gonakin auduga, inda na tsinci Larabcin kasuwa a bakin leburori. Daga nan na je Oman, na ga ruwa yana tafiya a ƙarƙashin duwatsu ta hanyoyin da kakanninsu suka haƙa, tsofaffi suna raba shi tsakanin lambuna da inuwar sanda. Sauran shekarun na yi su tsakanin Nijar da Mali, ina kafa injinan ban-ruwa, Faransanci a bakina. Ko'ina aikin ɗaya ne: a kai ruwa daga inda yake zuwa inda ake nemansa. Kuma ko'ina darasin da nake koya wa manoma ɗaya ne, har na haddace shi da harshe huɗu. Ruwa ba ya son matsi. In ka ga fangalin ƙarshe ya bushe, bi hanyar da ƙafa, za ka sami inda ta tsuke. Buɗa wurin.

Da na dawo Kazaure na zauna, damina biyu kawai muka yi da matata Allah Ya karɓi abarsa. 'Ya'yana maza duk sun watse, wani yana Legas, wani yana Jidda, kuma ba ni da bakin yi musu ƙorafi, domin abin da na yi wa nawa uban ke nan. Wadda ta rage kusa da ni ita ce 'yar autata. Sunan mahaifiyata gare ta, saboda haka ban taɓa kiran sunanta ba, Uwata nake ce mata tun tana rarrafe. Zanen gine-gine ta karanta. Mijinta mutumin Gwiwa ne, yana aiki a Abuja, kuma a can kamfanin da take yi wa zane yake. Bayan rasuwar mahaifiyarta ta roƙi mijin, ta roƙi kamfanin, suka yarda ta dawo gidana da 'ya'yanta mata biyu ta riƙa aiki daga nan, shi yana zuwa ƙarshen wata. Sharaɗin kamfanin guda ne: aiki ya riƙa isa ranar da aka sa. In ya fara yawan latti, sai ta koma ta zauna a ofis kamar kowa.

Saboda haka zamanta a gidana a kan wata na'ura yake, kuma na san da haka tun ranar farko.

Kwamfutar ba irin ta ɗauka a jaka ba ce. Akwati ce babba, gefenta ɗaya gilashi, kana ganin cikinta. Idan Uwata ta gama zana gini, sai ta bar na'urar ta yi sa'o'i tana mayar da zanen hoto, da hasken rana da inuwar bishiyoyi, har ka rantse an gina gidan an ɗauke shi a kyamara. Wannan aikin ne yake dafa ta. Ranar da ta kafa ta, na sunkuya ina leƙe, sai na ga tiyo biyu da ruwa yana gudu a ciki.

Na ce, "Uwata, ruwa a cikin kayan lantarki?"

Ta ce, "Baba, ai na san nan idonka zai tsaya. Lambu ne ƙarami. Ga famfo, ga lagireto irin na mota da fankoki a jikinsa. Wannan dunƙulen jan ƙarfen kuwa a kan ƙwaƙwalwar na'urar yake zaune. Ruwa ya shiga ciki ya kwashi zafi, ya je lagireto ya huce, ya dawo."

"Wannan jan abin da yake juyawa fa?"

"Farfela ce, don ka ga gudun ruwan. In ta yi sanyi, akwai matsala."

Na ɗauki wannan magana na ajiye. Kullum in na kawo mata shayi da hantsi, sai na duba farfelar kafin in duba fuskarta.

Shekarar farko lafiya lau. A ta biyu ne bazara ta zo da irin zafin da ni kaina, da na zauna a Agadas, na sara masa. Tun ƙarfe goma kwanon ɗakin yake fara ƙara. Wutar sola tana ɗaukar kwamfutar da fanka ɗaya, ba ta ɗaukar na'urar sanyaya ɗaki. A kusurwar allon akwai wata lamba da ke nuna zafin ƙwaƙwalwar, sai ta riƙa hawa a hankali, tsakanin azahar da la'asar ta kai wani wuri, na'urar ta ɗauke ɗif. Aikin awa biyar ya tafi, a sake daga farko. Farfelar kuwa ta koma tafiyar tsohuwa mai ciwon gwiwa.

Uwata ta gano dalili. Ruwan musamman da ta zo da shi ya ƙare tun da daɗewa, ta koma sayen ruwan batir a kasuwa, ashe wani daga cikin kwalaben ruwan burtsatse ne aka ɗura aka liƙa takarda. Farin abin nan da ke kwanciya a gindin butar shayi ya taru a cikin dunƙulen. Sau ɗaya ta riga ta makara da aiki, an kira ta an yi mata magana mai sanyi wadda ta fi faɗa ciwo. Yanzu akwai zanen wani asibiti, kwana takwas ya rage. Ta ce gobe za ta kwance dunƙulen ta wanke.

Da safen nan aka bugo daga Gwiwa, kakar mijinta ta rasu. Dole ta je ta zauna har sadakar uku. Tana ɗaura mayafi a ƙofar ɗakin ta juyo.

"Baba, na kashe kwamfutar. Don Allah kada a taɓa, in na dawo zan yi."

Na ce, "Wa zai taɓa? Ni da 'yan maɓallan nan ba ma ga maciji."

"Ba maɓallan nake jin tsoro ba. Na ga yadda kake kallon tiyon nan."

Na yi dariya, ta yi dariya, suka tafi da yaran.

Na yi lissafi a zaune a ƙarƙashin darbejiya. Kwana uku a Gwiwa, kwana ɗaya wanki, saura huɗu, kuma aikin yana cin kusan haka in komai ya tafi daidai. Ga ni zaune, hannuna bai fara rawa ba, idona da tabarau yana zura zare a allura. Na kwance injinan da suka fi ɗakin nan girma. Na taɓa ganin ta zubar da ruwan ta sake ɗurawa, na san inda take ajiye sukudirebobinta da ɗan man nan mai ruwan toka da ake shafawa tsakanin dunƙulen da ƙwaƙwalwa. Washegari bayan na karya kumallo na shimfiɗa farin ƙyalle a tebur.

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin aikin. Na tsiyaye ruwan a kwano, na cire dunƙulen, na kwance kusoshinsa na jera su yadda suka fito. Da ya buɗe sai na ga abin da ban taɓa gani ba a duk yawona. A fuskar jan ƙarfen an yanka kunyoyi sirara, a jere, tsakanin kowace da 'yar'uwarta ko gashin wutsiyar doki da ƙyar zai shiga. Gona ce sosai, wadda tafin hannu zai rufe. Rabin kwaruruwan sun toshe da farin abin nan. Na matse lemon tsami na jiƙa shi, na bi da buroshin haƙori a hankali, na ɗauraye da ruwan batir na gaskiya da na samo a wurin mai kemis. Kafin azahar jan ƙarfen yana ƙyalli kamar ranar da aka ƙera shi.

Da a nan na tsaya, da yau ba na rubuta wannan.

A saman kunyoyin akwai wani ɗan faifan ƙarfe, kaurinsa bai fi na reza ba. A tsakiyarsa tsaga ce guda ɗaya, doguwa, siririya. Na bi hanyar ruwan da ido, kamar yadda na saba bi da ƙafa. Daga famfo ya zo ta tiyo mai faɗin ɗan yatsa, ya shigo dunƙulen, sai a ce duk ruwan nan ya bi ta wannan tsagar kafin ya kai ga kunyoyi. Na ɗaga faifan na duba rana ta cikinsa. Na san sunan irin wannan abu da Faransanci, na san shi da Larabci, kuma duk inda na gamu da shi a hanyar ban-ruwa, maƙogwaro ne da ya kamata a buɗa. Na ce a raina, wanda ya ƙera wannan a ƙasar sanyi yake, bai san bazarar Kazaure ba. A can ruwa kaɗan ya isa. A nan sai an sakar masa mara.

Na naɗe faifan a hankici na tafi wurin abokina mai gyaran lagireto a bakin tasha. Tare muka yi makarantar allo. Babarbare ne, ni kuwa Bafulatani, saboda haka shekara sittin ke nan ba mu gaisa da mutunci ba.

Ya hango ni ya ce, "Ga bawana nan tafe da rana tsaka. Saniya ce ta ɓata?"

Na ce, "Ubangidanka ne ya zo aron magagari. Ƙarami nake so, na masu agogo."

Na nuna masa faifan, na yi masa bayani. Ya goge hannu a gaban rigarsa, ya karɓa, ya daɗe yana juya shi.

"Wannan tsagar kake so ka ƙara?"

"Ita fa. Kai ya kamata ka fi kowa gane ta, tunda ku a fuska kuke yawo da taku."

"Tamu da wuƙar wanzami aka yi, kuma ba wanda ya dawo ya ce a ƙara masa faɗi." Ya miƙo mini faifan. "Ɗan Fillo, dubi gefenta. Ka ga yadda aka yanke ta sumul? Wanda ya yi wannan bai rasa magagari ba. Da yana son ta da faɗi da ya yi ta da faɗi."

"Bai san zafinmu ba."

"Jet ɗin kafireto ma ɗan ƙaramin rami ne. Direbobi suna zuwa su ce a huda musu shi mota ta ƙara gudu. Sai ta koma shan mai tana tari."

"Mai daban, ruwa daban. Ni ruwa na yi wa bauta shekara talatin, a ƙasa huɗu."

"To, malamin ruwa. Mai abin ta sani?"

Na sunkuya ina mayar da faifan cikin hankici. Ya dube ni ta saman tabaransa, ya jawo wata gwangwani, ya zaro magagarin.

Ya ce, "Ni dai aro na ba ka. Hannuna ba ya ciki."

A kan bencinsa na yi aikin. Na riƙe faifan da filaya, na ci gefen nan, na ci wancan, har tsagar ta ninka faɗinta ta ɗan ɗara. Wajen riƙon faifan ya ɗan lanƙwashe, na kwantar da shi a kan ƙarfe na daddanna da gindin sukudireba har na ga kamar ya miƙe.

Da na mayar da komai na ɗura ruwa na kunna, farfelar ta ɗauki gudun da ban taɓa ganin ta yi ba, har ba a ganin fukafukanta, sai jan da'ira. Ko ɗigo bai zuba ba. Na zauna a kujerar Uwata ina kallonta har aka kira la'asar. Rabon da in ji ni mutum ne mai amfani irin na ranar tun kafin in bar aiki.

Ta dawo a rana ta huɗu da hantsi, a gajiye, ƙafarta duk ƙura. Ban bari ta sha ruwa ba na ja ta ɗakin.

Ta ga farfelar, ta dube ni. "Baba."

"Wanki kawai na yi masa, da ɗan gyara."

Ta yi murmushin da ba ta so yi ba. Ta zauna ta ɗora wa na'urar zanen asibitin. Muka zuba wa lambar ido. Ta hau, na ce ai dole ta hau. Ta wuce inda take tsayawa a shekarar farko. Ta kai inda take kaiwa da azahar lokacin da dunƙulen yake toshe, alhali ko sha ɗaya ba ta yi ba. Fankokin suka ɗauki kuka. Uwata ta dakatar da aikin da kanta.

"Wane ɗan gyara, Baba?"

Na faɗa mata. Ta tashi ta ɗauko sukudireba. Ta tsiyaye ruwan, ta kwance dunƙulen, ta ɗauko faifan ta ɗora a tafin hannunta. Sawun magagarina yana nan a gefen tsagar, ƙiri-ƙiri, kamar cizon ɓera.

Ta ce, "Zo mu je tsakar gida."

Ta ɗauki tiyon da nake ba wa zogale da lemo ruwa, ta buɗe famfo. Ruwan ya zubo a gaban ƙafarta, lumbu-lumbu. Sai ta ɗora babban yatsa a bakin tiyon ta danne, ya fita da ƙarfi ya daki bango ya wanke ƙurar da ke kai.

"Ka gani? Na farko ya fi yawa. Amma wanne ya shiga cikin bangon? Zafin a gindin kunyoyin yake, a tsakiya, daidai kan ƙwaƙwalwa. Tsagar ita ce yatsan. Ita take harba ruwan ya nutsa har ƙasa, sannan ya rabu biyu ya bi kwaruruwan. Yanzu shigowa yake a sake. Ga shi faifan ya daina kwanciya daidai, ruwan ya sami hanya ta sama yana wucewa abinsa. Shi ya sa farfelar take murna."

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na san wannan. Duk yaron da ya taɓa wasa da tiyo ya sani. Amma na yi shekara talatin ina buge hannun manoma daga bakin tiyo, domin ruwa mai ƙarfi yana kwashe ƙasa ya tone saiwa. Ƙasa tana son ruwa ya zo mata a hankali. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ko jan ƙarfe ƙasa ne ba.

Na ce, "Ba a sayar da wani?"

"Ana sayarwa. Daga waje. Sati uku in an yi sa'a." Ta buga wa masu kayan kwamfuta a Kano, mutum uku, babu wanda ya taɓa riƙe irinsa.

Na koma bakin tasha. Wannan karon abokina bai kira ni bawansa ba, kuma hakan ya fi zagi zafi. Ya rufe rumfarsa, abin da ban taɓa ganin ya yi ranar aiki ba. Muka yanka faifai daga murfin wata tsohuwar kula, muka yanka wani daga bayan agogon bango. Na farko ya yi kauri, dunƙulen ya ƙi rufuwa. Na biyu ya shiga, amma tsagar da hannu ya yanka ba ta miƙe ba, ruwan ya karkata gefe guda. Ya ɗan fi nawa, amma bai kai na asali ba, saura kaɗan. Da a ƙasar sanyi ne da wannan kaɗan ɗin ba wanda zai kula da shi. A ɗakin da iskar cikinsa ta riga ta yi zafin jikin mai zazzaɓi, ɗan abin nan shi ne tsakanin aiki da mutuwar na'ura.

Uwata ta yi duk abin da za a yi. Ta rage wa na'urar ƙarfi don kada ta ɗauke, aikin ya koma tafiyar hawainiya. Muka rataya jiƙaƙƙun buhuna a taga irin yadda na ga ana yi a Sudan, ina yayyafa musu ruwa duk bayan rabin awa, ni ke nan aikin da ya rage mini. Ranar da aka sa ta zo, hotuna goma sha biyu ake jira, bakwai ne suka fito. Sauran suka isa bayan kwana uku.

Ina tsakar gida lokacin da aka kira ta. Ban ji me aka ce ba, nata kawai na ji: "To. Na gane. To, in sha Allahu farkon wata." Ta fito ta same ni riƙe da bokiti.

Na ce, "Ki gaya musu ni ne. Ki ba ni su in yi musu bayani, da Turancin da suke so."

"Baba, sun ce ba laifin kowa ba ne, wuri ne bai dace da aikin ba. Dama suna neman dalili."

"Ni na ba su."

Ta karɓi bokitin daga hannuna ta ajiye. "Wankin da ka yi masa ya yi kyau ƙwarai. Ni da kaina ba zan iya fitar da shi haka ba."

Wannan ce kaɗai maganar da ta yi a kai, har yau. Na so ta yi faɗa. Mahaifiyata da take ɗauke da sunanta da ta wanke ni tas, in ji sanyi.

Ta ce in bi su Abuja. Na je na yi sati biyu daga baya, a wani ɗaki a hawa na uku, inda ba wanda ya san ni balle ya zage ni da Barbarci. Na zauna a birane da yawa ina da ƙarfi, na san yadda tsoho yake zama a cikinsu: kaya ne da ake matsarwa in za a yi shara. Na dawo.

Sabon faifan ya iso Kazaure bayan tafiyarsu da kwana tara, a cikin ambulan mai laushi, domin adireshin gidana ta bayar. Na buɗe na duba rana ta cikin tsagar. Siririya ce, kamar ta farko. Na ba wani direba ya kai mata. Ta bugo ta ce ya shiga daidai, na'urar tana aiki lafiya, ko da yake a ofis ɗin ma akwai sanyi, da tsohon faifan da na ɓata ma zai yi.

Ɗakin yana nan yadda ta bar shi, da teburin, da alamar ƙafafun akwatin a kan ƙura. Da farko tana cewa in damina ta sauka za ta sake roƙonsu. Damina biyu ta sauka. Yaran sun shiga makaranta a can, ƙaramar ta fara amsa mini waya da Turanci.

Faifan da na ɓata yana aljihun rigata, cikin hankicin nan. Wani lokaci in na je bakin tasha abokina yakan ce in fito da shi. Ya juya shi a hannu, ya shafa sawun magagarin da yatsa. Rannan ya ce, "Da na ce maka ba ni da magagarin." Na ce da na je wurin mai agogo. Ya ce haka ne, Fillo ba ya jin kira sai na saniya. Ya miƙo mini, na naɗe, muka ci gaba da kallon motocin Babura suna lodi.